Wai su wa ke juya duniyar nan?

Ɗan Gwagwarmaya: Ni fa na gaji wallahi, kullum zaɓe zaɓe, alhali wasu 'yan tsiraru ne ke juya duniyar nan a asirce. Duk Janairu shugabannin kamfanoni da na bankuna su hau jiragensu sai taron tattalin arzikin duniya na garin Davos a Switzerland, su yanke abin da za su yanke, mu kuma a bar mu da hamma. Mai ja ya fito.

Uwar Biyu: A asirce kuma? Taron da ake haskawa kai tsaye, 'yan jarida cike da wajen? Tun 1971 Klaus Schwab ya fara shi, ba a ɓoye ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Hajiya abin da ake haska miki daban, na ɗakin otal daban. To taron Bilderberg na manyan Turai da Amurka fa, tun 1954 suke zama, akwai wanda ya taɓa haska miki shi?

Uwar Biyu: Suna fitar da sunayen mahalarta ai. Rufe ƙofa daban, asiri daban.

Na Gefe: Hhhh to mene ne asiri in ba rufe ƙofa ba, don Allah

Mai Lissafi: Ku bar batun ƙofa. BlackRock, kamfanin zuba jari na Amurka, ita kaɗai na juya dukiyar da ta haura dala tiriliyan 10, ita da takwararta Vanguard suna cikin manyan masu hannun jari a Coca-Cola kuma su ne dai a Pepsi, kishiyoyi biyu kenan, kuma duk a rubuce yake ba wanda ya ɓoye. Wannan ya fi tayar min da hankali.

Na Gefe: Ni dai a fassara min asiri tukuna.

Baban Yara: In bakinsu ɗaya ne me ya kai Elon Musk maka OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT, a kotu a 2024? Attajirin China Jack Ma ma da ya soki hukumomin kuɗin China a 2020 ai ɗif aka daina ganinsa na watanni, ina ƙarfin nasa ya tafi?

Ɗan Gwagwarmaya: Wasan kwaikwayo ne Alhaji.

Injiniya: Kar a sa Musk a ciki, mutumin da ya gina kansa da kansa.

Na Gefe: Ya biya dala biliyan 44 ya sayi Twitter don ya riƙa surutu, kai ko sisi bai san da kai ba kana ta kare shi

Injiniya: Yaro ka iya bakinka, ni ba sa'anka ba ne.

Na Gefe: Wa ye yaron? Ka ga takardar haihuwata ne?

Mai Lissafi: Jama'a ba wanda ya tanka maganar hannun jarin nan fa.

Injiniya: Sai ya janye tukuna.

Ɗan Gwagwarmaya: To alhamdulillah, a taƙaice kowa ya yarda akwai su kuma a asirce suke, Hajiya da kanta ta ce ana rufe ƙofa, Mai Lissafi ya kawo hujja. Masu ja mutum biyu ne kawai, ɗayan ma yaron Musk ne.

Uwar Biyu: Ni yaushe na yarda??