Injin ƙaramin jirgi in ya mutu a sama, shi ke nan?

Daga zauren 'yan Tawa mazauna Yamai

Direban Tawa: Jama'a, na faɗa na kuma faɗa, jirgi mai inji ɗaya ba abin hawa ba ne. Mota in ta lalace tsakanin Dosso da Dogon Dutsi, sai ka raɓa gefe ka jira makanike. Wannan kuwa injin na mutuwa sai ƙasa.

Tsohon makaniken jirgi: A'a ƙanena. Inji ke jan jirgi gaba, amma fikafikai ke riƙe da shi. Ɗauki ƙaramin jirgin nan Cessna 172 mai kujera 4. In injin ya tsaya, matuƙi ya ɗan sunkuyar da hanci, ya riƙe gudun wajen kilomita 120 a awa, to duk mita 1 da ya sauko yana cin kusan mita 9 gaba. In yana mita 2000 sama, yana da wajen kilomita 18 na neman wurin sauka, muddin iska ba ta tare shi ba.

Malamar lakwal: To Baba, Mano Dayak, jagoran 'yan tawayen Abzinawa, fa? Ba ƙaramin jirgi ne ya faɗi da shi a duwatsun Ayar ba, ranar 15 ga Disamba 1995?

Tsohon makaniken jirgi: Allah ya jiƙansa. Wannan jim kaɗan bayan tashi ne, kuma nan ne wurin da nake tsoro ga kowane jirgi. Ba ka yi sama ba, ba ka da tazarar neman wurin sauka. Inji ya ɗauke a nan, zuciya sai ta ce ka juyo fili. A juyin gudu ke raguwa, fiffike ya saki iska, jirgi ya kife. Abin da ake koyarwa shi ne ka sauka a abin da ke gabanka, ko da jirgin zai lalace. Ga zafin Afrilu, iska ba ta da kauri, jirgi na hawa da ƙyar.

Direban Tawa: Ka gani! Kai da bakinka.

Ɗalibar EAMAC (makarantar koyon aikin jiragen sama da yanayi ta Yamai): Kawu, bai ba ka gaskiya ba fa, daƙiƙun tashi kawai ya ware. Kuma matuƙi ba shi kaɗai ba ne: yana kiran hasumiyar filin jirgi ko mitar gaggawa 121.5 a rediyo, ya sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirgi a rada, a san inda za a neme shi.

Direban Tawa: 'Yata, hasumiya ba ta miƙo tsani. Ni da ni ne, kwalta zan nufa, hanyar Ƙonni a miƙe take.

Tsohon makaniken jirgi: Wayar lantarki ba a ganinta daga sama sai an zo kanta. Ga manyan motocin albasa, ga amalanke. Faɗin fikafikan nan mita 11 ne. Ni gonar gero da rani ta fi mini.

Malamar lakwal: Gonar wace ƙasa? A Adar? Baba ka daɗe ba ka je gida ba. Wajen Keita da Illela duk ramukan tassa ne da jerin duwatsun tare ruwa, ga gawo a tsakiyar gona. Taya ta faɗa rami, sai wuntsilawa.

Tsohon makaniken jirgi: Duk da haka gara a wuntsila a gudun kilomita 90 da ɗamara a ɗaure, da a yi karo da tirela. Kuma da yawa daga abin da ake kira mutuwar inji, mai ne. Ko ya ƙare, ko ruwa ya shiga tanki. Kowace silinda tana da fulogi 2, kowanne da abin ba shi wuta daban, wuta ba ta cika ɗaukewa gaba ɗaya ba. Man irin waɗannan jiragen, da ake kira 100LL, shuɗi ne. Kafin tashi ana tsiyayo shi a ɗan kofi mai haske daga ƙarƙashin fiffike. In da ruwa, za ka gan shi ya kwanta a gindi, ƙwaya-ƙwaya. Man da ya kwana a durom da damina shi ne abin lura.

Direban Tawa: To wa ke tabbatar mini an tsiyaya?

Ɗalibar EAMAC: Ka tsaya a gefe ka gani da idonka, Kawu, a gaban fasinja ake yi.