Jaririyata ta zo da shidaniya: gado ne, ko faɗuwar uwar ce ta jawo?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum. Maiɗakina ta sauka ranar Talata, mun samu mace, lafiya lau. Sai dai a gefen ƙaramin yatsanta na hagu akwai wani ɗan yatsa yana reto, har da ɗan farcensa. Mahaifina ma haka aka haife shi, shi ya sa ake ce masa Cindo, amma ni ba ni da ita. Surukata ta dage wai faɗuwar da maijego ta yi a bakin rijiya tana wata bakwai ce sanadi. Tun jiya maijegon ke kuka. Masu sani, ku taimaka min da abin da zan faɗa mata.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya. Ka kwantar mata da hankali, lokacin da ta faɗi an daɗe da gama yatsun nan. Hannu yana fara tsirowa ne a mako na 4 da shigar ciki, zuwa mako na 8 yatsu sun rabu.

A gefen da ƙaramin yatsa zai fito akwai wasu ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadari bisa umarnin ƙwayar gado da ake kira SHH. Inda sinadarin ya yi yawa ƙaramin yatsa ke fitowa, can nesa inda bai kai ba kuma babban yatsa. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling suka ɗebo ƙwayoyin wannan gefe daga tsiron fiffiken ɗan tayin kaza suka dasa a ɗaya gefen, sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, suna kallon juna. Akwai kuma wata ƙwayar gado, GLI3, mai taka wa SHH birki. Idan ta yi rauni, yatsa kan ƙaru.

Irin ta 'yarka ta fi yawa a tsakanin baƙar fata, tana bin jini, kuma takan tsallake mutum ta fito a ɗansa. Ga alama ta wajenka ta biyo.

Anti Ungozoma:
Baban Hauwa, roƙona ɗaya: kar ku bari a ɗaure shi da zare ko gashi a gida. Na sha ganin wurin ya kumbura ya yi ruwa, ko ya bar ƙullutu mai zafi. Ku kai ta asibiti a duba ko akwai ƙashi a ciki, a kuma duba sauran jikinta. In fata ce kawai ta riƙe shi, cirewar ƙaramin aiki ce.

Baban Hauwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta mata, ta ɗan sake. Gobe in sha Allahu za mu je asibiti kafin suna.