Kanti zai rufe ya sa rangwame: in je yanzu ko in dakata?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watana bakwai ke nan a Columbus ta jihar Ohio, na biyo maigida. Har yau in na ga farashi sai na buga shi da naira a zuciyata, daga nan hannuna ya ƙi ɗauka. Ga sanyi ya fara leƙowa, yara biyu ba su da rigar sanyi ta kirki, bargo mai kauri ɗaya ne tal a gidan, tukwanena biyu, su ma wata maƙwabciya ce ta taimaka min da su.

Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci na ga wani ƙaton kanti an lulluɓe gabansa da ƙyallaye ruwan ɗorawa, ga wani saurayi a bakin titi riƙe da allo yana ta juya shi. Abban Ilham ya ce rufewa za su yi, komai na sayarwa ne, har kantocin da ake jera kaya. An rubuta ragi har zuwa kashi 30 cikin ɗari. Ni dai raina ya biya. Shi kuwa cewa ya yi banza ba ta kai zomo kasuwa, in bari ya tambayi abokan aikinsa. Na san halin kayana, tambayar nan sai sanyi ya wuce.

Dala 250 na ware. Ina son rigunan sanyi, bargo, tukwane, in da canji kuma in saya wa Umma bilenda in aika mata Kano. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, in je yanzu ko in jira? Kuma da gaske akwai sauƙi a irin wuraren nan, ko rubutu ne kawai?

Gwaggon Yara:

Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da zuwa. Shekarata goma sha tara a Pennsylvania, kuma in ana maganar bin rangwame na ci kwakwa, don haka gyara zama.

Mijinki bai yi ƙarya ba. Idan babban kamfani ya karye a nan, galibi ba masu kantin ne ke sayar da ragowar kayan ba. Akwai kamfanoni da wannan ce sana'arsu, irin su Gordon Brothers da Hilco, dillalan gwanjo ke nan a namu harshen. Aikinsu su tatso duk abin da za a iya tatsa don a biya masu bin bashi, ba don su tausaya wa aljihunki suka zo ba. Abin da aka saba yi, sai a fara janye ragin da kantin ke yi a da, a daina karɓar takardun rangwame, kaya su koma cikakken farashinsu, sannan a ɗora sabon ragi na kashi 10 ko 20 a kai. Sai ki tarar abin da ake ba ki yau da sunan rufewa ya fi na watan jiya tsada. Ki kuma lura da kalmar nan “har zuwa”. Kashi 30 ɗin yana nan, amma a kan katunan gaisuwa da kayan adon bikin da ya wuce. Tukunya da bargo ki duba da kyau, goma za ki gani. Wani lokaci ma dillalan kan shigo da nasu kayan daga waje su cakuɗa, tunda ga jama'a sun taru.

Na ga irin wannan da yawa. Toys R Us a 2018, Bed Bath & Beyond a 2023, Big Lots da a lokacin hedikwatarsa ke nan garinku ya shiga kotun karayar arziki a 2024, Joann na 'yan yadi da kayan ɗinki ya rufe a 2025. Salon kusan ɗaya ne: wata biyu zuwa uku ana sauko da farashi a hankali, har ragin ya kai kashi 70, ya kai 90. Sai dai kafin a kai nan an tsince na kirki, saura murfi babu tukunya.

Bari in ba ki labarin wautata. Shekarun baya wani kantin kayan gida a unguwarmu zai rufe, a makon farko na afka. Na ɗauko saitin tukwane dala 89, ina ta murna an rage min kashi 20. A mota 'yata ta ɗauki waya ta duba, ta ce Mama ga shi can a wani kanti dala 74, kuma ba rangwame suke yi ba. Ban tanka mata ba. Da muka isa gida na buɗe kwali, murfin babbar ya tsage daga baki har tsakiya. Washegari na koma, yarinyar da ke kan kanta ta nuna min ƙasan rasit da ɗan yatsa: in ka saya ka saya, ba a mayarwa. Har yau da faranti nake rufe tukunyar nan.

Amma a kantin nan dai, makon ƙarshe, na kwashi tawul da labule da marataya kaya kamar kyauta, na kuma sayi kantar ƙarfe mai hawa biyar dala 15. Ita ke ɗauke da buhun shinkafata da jarkar mai yanzu haka. Kantocin nan mutane ba sa kula su, alhali sun fi na kasuwa ƙwari nesa ba kusa ba.

Rigunan yara kuwa kada ki jira kowa ya rufe. Akwai kantunan da sana'arsu ke nan kullum, sayar da kayan da suka yi kwantai: TJ Maxx da Marshalls da HomeGoods, waɗanda duk mai su ɗaya ne, sai Ross, sai Burlington, wanda asalinsa ma da rigunan sanyi aka san shi, sai Ollie's da ya fara a 1982 a Mechanicsburg, nan kusa da mu. Kayansu sababbi ne dal, ba irin na Ƙofar Wambai ba. Masana'anta ta yi fiye da kima, ko wani babban kanti ya fasa odar da ya bayar, ko yayi ya wuce, ko an sauya kwali, sai su saro a karye. Kuma su suna karɓar kaya in kin dawo da rasit cikin kwanakin da suka ƙayyade. Lambar nan da ake rubutawa a takarda wai ga yadda wasu ke sayarwa, kada ta ruɗe ki, ki duba da wayarki. A TJ Maxx ki nemi jar takarda, an rage ke nan, ruwan ɗorawa kuwa ragi na ƙarshe.

In ni ce ke, kowane yaro riga ɗaya yanzu. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da suke son kawar da kayan sanyi, sai ki sayi na baɗi, ki ƙara lamba ɗaya. Kuma ki tuna kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya, kada ki cika kwando daidai da 250.

Amaryar Manchesta:

Gwaggo a gafarce ni, ni dai ban yarda da jira a komai ba. Mu nan Ingila da Wilko ya rushe a 2023 na ce bari in jira ragi ya yi zurfi, akwai wasu robobin ajiye abinci da na sa wa ido. Da na koma babu ko ɗaya, sai fenti da abincin tsuntsaye. In abu ɗaya kike so takamaimai, kin kuma duba kin ga ya fi na waje sauƙi ko da kaɗan ne, ki ɗauka kawai. Jira na mai cewa duk abin da na samu ne.

Af, TJ Maxx ɗin ku mu TK Maxx muke ce masa, sun sauya harafi ne don kada a rikita shi da wani tsohon kanti na nan, TJ Hughes. Na fi shekara ina zaton na jabu ne.

Gwaggon Yara:

Amarya kin yi gaskiya, ban musa ba. Sharaɗin dai a duba waya kafin a ɗauka.

Direban Tirela:

Salamu alaikum Hajiyoyi, a yi haƙuri na shigo zancen mata. Akwai wani nau'in da ba a ambata ba, kuma na san za a ba ta labarinsa, gara ta ji daga bakin wanda ya ƙone. Shaguna ne da ke sayen kayan da mutane suka mayar wa Amazon da manyan kantuna, su juye su cikin manyan akwatunan katako, kowa ya tona. Farashi ɗaya ne ga komai, kuma kullum sauka yake. Wanda nake zuwa ranar Juma'a suke zuba sabon kaya a dala 10, kafin Laraba ya koma dala 1, Alhamis su rufe su sake cikawa. Tun asuba ake layi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana fasa dila a wurin 'yan gwanjo ya san yanayin, har ture-turen iri ɗaya ne.

Ana dacewa. Na taɓa samun na'urar huda bango sabuwa fil a dala 10. Amma ki sani wani ne ya mayar da kayan, kuma ba kowa ke mayarwa don launi bai yi masa ba. Duk abin da ke aiki da wuta ki kai shi teburin gwaji ki jona kafin ki biya, in babu wurin gwaji ki ajiye musu abinsu.

Abin da ba zan sake ba shi ne sayen lodi guda a rufe. Ni da wani abokina muka haɗa dala 600 muka sayi tulin kaya naɗe da leda, wai za mu tsince mu sayar mu aika saura gida. Da muka kwance, rabi fasassu, fanka babu fiffike, firinta babu waya, takalma ƙafar hagu zalla har guda huɗu. Garin neman ƙiba muka samo rama. Wata uku kayan na garejinsa, matarsa ta daina amsa gaisuwata.

Abu na ƙarshe, tunda akwai yara. Kujerar mota ta jariri da gadon jariri kada ki saya a wurin tono. Ko a manyan kantunan ma ki duba. A 2022 kamfanin TJX, mai TJ Maxx da Marshalls da HomeGoods, ya amince ya biya tarar dala miliyan 13 saboda sayar da kayan da aka riga aka janye daga kasuwa, ciki har da abin kwantar da jarirai. Hukumar CPSC, mai sa ido kan amincin kayan da ake sayarwa a Amurka, na da shafi a intanet, ki rubuta sunan kayan ki gani ko an janye shi.

Mai Gyaran Wuta Sabon Gari:

Hajiya daga Kano nake. Don girman Allah kada ki aiko wa Umma bilendar nan. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Tana jonawa za ki ji labari, ƙauri ne zai fara sanar da ita. Irinsu nawa aka kawo min, tsaraba daga waje, ko sau ɗaya ba a markaɗa tattasai da su ba. Sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta, ita ma kuɗi ce, kuma ran da wani yaro ya manta ya jona kai tsaye shi ke nan. Ki duba bayan kaya, in an rubuta 100–240V to zai yi a nan, kamar cajar waya da ta kwamfuta. Bilenda da dutsen guga da butar dafa ruwa yawanci ba sa yi. Ga kuɗin awo, da kilo ake biya. Ki turo kuɗin a saya mata a nan Sabon Gari, in ta lalace ma akwai mai gyara.

Gwaggon Yara:

Na manta ban faɗa miki ba, za ki ga abinci a irin su Ollie's, man girki, taliya, shayi, biskit. Kwanan watan da ke jikin gwangwani da busasshen abinci a ƙasar nan yawanci na inganci ne, wato lokacin da ya fi daɗi, ba wai washegari ya zama guba ba. Madarar jarirai ce ba a wasa da kwananta, ita doka ce ta tilasta a rubuta. Gwangwanin da ya kumbura ko ya lotsa a baki ki bar shi. Alawa mai danƙo kuma ki karanta abin da aka haɗa, da yawa akwai gelatin, kuma sau da yawa na alade ne.

Maman Ilham:

Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Gwaggo na bi maganarki, na rubuta abin da nake so a takarda kafin in fita, na kuma sa Abban Ilham ya tsaya da waya yana dubawa, yana ta cika baki wai ai ya faɗa.

A kantin rufewar, tukwanen da na ƙyalla ido a kansu sun fi na waje tsada da dala 6 duk da ragin, na mayar da su mazauninsu. Bargo kuwa ya fi sauƙi da gaske, na tuna maganar Amarya na ɗauki biyu, dala 22 kowanne, na warware su gaban mai kanti na duba ɗinki. Daga nan muka wuce ɗaya daga kantunan kwantan da kika lissafa, rigar Ilham 30, ta ƙaninta 25, tukunya babba mai kauri 28, ita ma sai da na ɗaga murfin na haska shi. Malam mai gyaran wuta, an fasa bilenda, na tura wa ƙanina kuɗin, in ya zo Sabon Gari a yi masa sauƙi.

Ba zan ɓoye muku ba, na sayi abu ɗaya da ba ya cikin takarda, wata fitila mai siffar abarba, dala 7. Ban san inda zan sa ta ba.

Kantar ƙarfen ma na samu, dala 20, sun liƙa mata takarda da sunana, sun ce sai ranar da suka kwashe kayan da ke kanta zan zo in ɗauka. Ta fi ƙarfin motarmu, mun auna da igiyar takalmi. Akwai wanda ke Columbus mai a-kori-kura?