A Gloucester Sarki Charles ya faɗi, ko a gaba?

Dattijo: Ni dai ina nan kan bakana. Sarki Charles na Ɗaya ya yi asarar yaƙin basasar Ingila, wanda ya yi da majalisa, ne a ƙofar Gloucester a 1643, kayen da ya sha daga baya a fagen fama na Naseby ƙarasawa ce kawai. Yarima Rupert, kwamandan sarki, ya ci Bristol ranar 26 ga Yuli, hankalin majalisa ya tashi. Maimakon a doshi Landan da zafi-zafi, sai sarki ya je ya yi zaman dirshan a Gloucester daga 10 ga Agusta har 5 ga Satumba.

Malama: Baba, da girmanka, garin nan shi ke riƙe da mashigar kogin Severn. Sojan da sarki ke ɗiba daga Wales ta ina za su bi? Wa ke tafiya farauta ya bar kura a bayan gida?

Ɗan Auta: To Anti, me ya hana shi afka musu? Gwamnan garin na ɓangaren majalisa, Edward Massey, mutanensa ba su wuce 1,500 ba fa.

Malama: Bristol ta ci wa sarki mutane da yawa, bai so a maimaita. Sai aka koma luguden igwa da haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa, ruwa kuwa ya cika ramukan.

Dattijo: Madalla, 'yata, kin kawo mini hujja da bakinki. Yana can yana haƙa, Essex, babban kwamandan majalisa, ya taso daga Landan da dakarun sa-kai na birnin, 'yan tireda da yaran masu sana'a. Da suka iso, gangar albarushi uku ta rage wa Massey. Uku rak! Da sarki ya rufe ido ya kutsa, da tuni an wuce wurin.

Mai Shago: Alhaji, "da" ai tarihi ba ya cin ta. Wannan Essex ɗin da ya gwabza da sarki a Newbury ranar 20 ga Satumba, shi zai buɗe masa ƙofar Landan? Ni a ganina yarjejeniyar majalisa da Sukotland ce ta juya lamarin. Sojansu suka tsallako a Janairun 1644, watan Yuli aka yi yaƙin Marston Moor, arewa ta kuɓuce wa sarki.

Dattijo: Wa ya ba majalisa sararin numfashi har suka iso?

Ɗan Auta: Baba yana da gaskiya a nan. Ɗansa Charles na Biyu ma bai manta ba, a 1662 ya sa aka rushe ganuwar Gloucester.

Malama: Auta, a shekarar aka rushe ta Coventry da ta Northampton ma. Su ma can ya faɗi ke nan?