Karatu kan cutar mantuwa: wanne zan yi da ɗan kuɗin da na tara?

Maman Sudais:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Shawara nake nema. Ni nas ce a ɗakin maza na wani asibitin gwamnati a Kano. Tsofaffin da ake kawo mana a ruɗe sun yi yawa a 'yan shekarun nan. Za a kawo dattijo da sunan ciwon suga ko hawan jini, amma abin da ya fi damun iyalinsa shi ne ya daina gane su, tsakar dare ya tashi ya ce gona za shi. Abin da aka karantar da mu kan cutar mantuwa a makaranta bai taka kara ya karya ba, kuma ina so in san abin sosai. Na tara naira dubu 400. Hanya uku ce a gabana: kwas ɗin kula da tsofaffi na sati shida a wata cibiya a Abuja, ko karatun ƙari na jinyar masu taɓin hankali, ko kwas ta intanet. Ina goyo, ba zan iya barin gari na tsawon lokaci ba, kuma ba fita waje nake nema ba, a nan nake so in yi aiki da shi. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya taimaka min don Allah.

Ɗan Fagge a Ingila:
Wa alaikumus salam Sista. Ki bar duk waɗannan, ki zuba kuɗin a jarrabawar Turanci ki taho nan. Gidan tsofaffin da nake aiki yawancinsu masu mantuwa ne, kuma su ke biyan kuɗin horon da ake ba mu. A nan na fara jin sunan Tom Kitwood na Jami'ar Bradford, wanda ya ce a riƙa duban mutumin kafin cutarsa. Kafin ka taɓa tsoho sai ka karanta tarihinsa: sana'ar da ya yi, abincin da yake so, sunan da yake amsawa.

Ummu Hanif:
Malam, ba ta ce ba za ta fita ba? Kuma ai tun Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, tun Maris ɗin 2024 ma aka hana su tafiya da iyali. Bizar nas daban ce, amma a daina ruɗar mutane.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Ni na yi kwas ɗin intanet na Jami'ar Tasmaniya ta Ostareliya, cibiyarsu ta Wicking. Kyauta ne, ko sisi ban biya ba sai kuɗin data. Bidiyo ne da 'yan tambayoyi, da daddare nake yi bayan na rufe shago. Guda biyu ne, ɗaya kan fahimtar cutar, ɗaya kan rage haɗarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horo mai suna iSupport na masu jinyar 'yan uwansu a gida. Ki fara da su kafin ki kashe kuɗinki.

Hajiya Uwar Marayu:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a wannan zaure, amma yau sai na yi magana. 'Yata, ko ma wanne za ki yi ki yi, don abin da aka yi wa mahaifiyata ba na fatan a yi wa uwar kowa.

Inna ta fara da ƙananan abubuwa. Ta ɗora tukunya ta manta, ta yi sallar la'asar ta sake yi, ta ɓoye kuɗinta a cikin kwanon gishiri ta ce matar yayana ta sace. Rigimar da wannan ya haddasa a gidanmu har yau ba ta gama mutuwa ba. Wata rana ta fita da asuba, aka tsince ta a wata unguwa tana ƙwanƙwasa ƙofar mutane tana kiran sunan yayarta da ta rasu tun muna yara. Yara suka bi ta suna jifa suna cewa mayya. Da ba don wani mai shayi ya gane ta ba, Allah kaɗai ya san abin da za a yi mata. Muka yi ruƙiya, muka yi hayaƙi, babu abin da ya sauya.

To, sai ta tashi da wani irin ruɗewa da ya fi na kullum, a kwana biyu kacal ta koma kamar ba ita ba. Muka kai ta wani asibiti. Ta fizge robar ƙarin ruwa, sai aka ɗaure mata hannu biyu da bandeji a jikin ƙarfen gado. Wata nas ta ce min, "Ku masu tsofaffi kun fiye damun mutane, tsufa ne, me kuke so mu yi?" Duk dare allurar barci. Ta daina cin abinci, jikinta ya sandare, miyau na zuba. Da na ɗaga ta zan sauya mata zane na ga gyambo a ƙugunta, har da wari. Babu wanda ya taɓa juya ta. Sai da wani likita matashi ya zo ya ce a auna fitsarinta aka gano ciwon mafitsara ne ya ƙara rikita ta. An yi maganinsa hankalinta ya ɗan dawo, ta kira sunana, amma gyambon nan bai warke ba har ta koma ga Allah. Shatin bandejin yana wuyan hannunta ranar da muka yi mata wanka. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan nas ɗin har yanzu ina kokawa da zuciyata.

Maman Sudais:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Wallahi Hajiya irin wannan ne ya hana ni sukuni.

Ummu Hanif:
Allah ya gafarta mata. Kukan da kika sa ni ba kaɗan ba ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Allah ya jiƙanta, Hajiya. Abin da kika ba da labari darasi ne guda cikakke. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru. Duk tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin awanni ko kwanaki, a nemi dalili: ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, suga ya faɗi, rashin bayan gida, ko wani sabon magani. Wannan ana warkar da shi. Sannan magungunan taɓin hankali irin su haloperidol suna da haɗari ga tsofaffi, musamman mai nau'in mantuwar da ake kira Lewy, yana iya sandarewa ya kasa haɗiya.

Sista, shawarata ki nemi littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai babi guda kan cutar mantuwa, an rubuta shi ne don waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Ki kuma kula da gwajin da ake yi. Ka ce wa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riƙa cire 7 daga 100, ko ta rubuta jimla, dole ta faɗi alhali lafiyarta ƙalau. Shi ya sa masu bincike a Tanzaniya da Ibadan suka fito da gwajin IDEA: a ce ta lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ta faɗi ranar mako da sunan mai gari, ta tuno kalmomi 10, ta jera tsinken ashana yadda aka nuna mata. Ibadan sun daɗe a harkar nan, tun a 1992 suka fara binciken kwatanta Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis ta Amurka. A Zariya ma an yi wani da aka buga a 2011, ya samu kusan kashi 3 cikin ɗari na tsofaffin da aka duba suna da cutar mantuwa. In karatu mai zurfi kike so, jinyar masu taɓin hankali ce hanya.

Tsohuwar Matiron:
Likita, da girmanka, amma ku minti nawa kuke yi a gaban gado? Ku rubuta ku wuce. Mu ke kwana da su. Na yi wancan karatun na taɓin hankali tun kafin a haifi wasunku, kuma abin da aka koya mana kan tsofaffi kaɗan ne, yawanci kan matasa masu shaye-shaye da masu buge-buge ne. Abin da na iya a bakin gado na koya. Tsoho ya ce zai tafi gona da ƙarfe biyun dare, kada ki ce masa "Baba ai babu gona." Ki ce "Baba me aka shuka bana?" ki riƙe hannunsa ku taka zuwa ƙarshen baranda ku dawo, ki ba shi ruwa. Ki bar ƙwan fitila ɗaya a kunne. Ki sa a kawo masa buzunsa da carbinsa daga gida. Wannan ba ya cikin littafinku.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Yana ciki, Mama. Kuma da kwanan da ake yi da su ya wadatar, da ba a ɗaure mahaifiyar Hajiya ba. Gogewa da karatu sai an haɗa.

Jami'in Lafiya na Karkara:
Ku biyun duk a birni kuke. Tsoho nawa ne ke isa gaban likitan ƙwaƙwalwa? Mu a ƙaramin asibitin ƙauye ake fara kawo wa, in ma an kawo. Mu ya kamata a horar, amma duk bitar da aka kira ta rigakafi ce ko zazzaɓin cizon sauro.

Ɗan Autan Zaure:
Likita a taimaka a duba min abokina, duk wanda ya ci bashinsa sai ya manta, amma wanda yake bi ko na shekara goma ne yana tune. Wane nau'i ne wannan?

Mai Kemis na Sabon Gari:
Wannan maganinsa kotu, ba ya cikin shagona.

Hajiya Uwar Marayu:
Ku yi dariyarku. Mu ma da dariya muka fara lokacin da Inna ta sa takalmi a cikin firji.

Ɗan Autan Zaure:
Afuwan Hajiya, ban yi don in ɓata miki ba.

Anti Nas Kaduna:
Kan kwas ɗin Abuja, ni na yi irinsa. Dubu 180 na biya, ban da masauki. Gaskiya na ƙaru ta wajen juya majiyyaci da ciyar da wanda ke shaƙewa, amma cutar mantuwa yini ɗaya aka yi mana a kai.

Ummu Hanif:
Dubu 180 a ina? Ƙawata dubu 350 ta biya, kuma da ta kai takardar wajen aiki aka ce ba a san da ita ba.

Anti Nas Kaduna:
To ai cibiyoyin ba ɗaya ba ne. Wataƙila nata har da alƙawarin biza.

Ɗan Fagge a Ingila:
Akwai wanda na sani ya biya sama da miliyan, kwas ɗin kwana biyar ne kawai. In digiri na gaske ake so ta intanet, Jami'ar Stirling ta Sikotland na da na biyu kan cutar mantuwa, cibiyarsu tun 1989 take. Amma da fam ake biya, dubu 400 ba za ta je ko'ina ba.

Malamin Islamiyya:
Abin da nake so ma'aikata su riƙa gaya wa iyalai shi ne Alƙur'ani ya ambaci wannan hali, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5: wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ba maita ba ce. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a matsa masa kan sallar da ya manta ko ya maimaita.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Haka ne Malam, sai dai a ƙara da cewa ba kowane tsoho ke yi ba, cuta ce. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na kamuwa da cutar, ciki har da hawan jini, suga, rashin ji da matsalar gani.

Maman Sudais:
Na gode ƙwarai. Na fara rajistar na Tasmaniya. Amma har yanzu ban ji ba, karatun taɓin hankalin ana iya yinsa mutum yana zuwa aiki? Kuma wace takarda ce ake lissafawa wajen ƙarin girma?

Anti Nas Kaduna:
Ƙarin girma? 'Yar uwa ki fara samun hutun karatun tukuna. Takardata tana kan teburin wani tun bara, kullum "babu ma'aikata, wa zai riƙe ɗakin?"

Tsohuwar Matiron:
Kuma ba ƙarya suka yi ba. Rabin yaran da na horar sun tafi Saudiyya da Ingila. Ina jin zafin abin da aka yi wa mahaifiyar Hajiya, amma a tambaya nas nawa ne a ɗakin a daren. In ke kaɗai ce da gado talatin, ga mai jini na zuba, ga tsoho zai fita, da wane hannun za ki raka shi baranda?

Hajiya Uwar Marayu:
Su uku ne, Mama. Ina kallonsu, waya suke dannawa.

Jami'in Lafiya na Karkara:
Ku kuna da uku. Mu ni kaɗai ne da mai shara, kuma alawus ɗin haɗari rabona da shi na manta.

Ummu Hanif:
Ku ma ba a biya ku ba? Mu an ce ya shiga albashin watan jiya, na duba ban ga komai ba. Akwai wanda ya gani a nasa?

Anti Nas Kaduna:
Wasu sun ce sun ga rabi. Bari in tambayi wakilin ƙungiyarmu gobe in na fita diyuti.