Gudu da makomar ɗan wasan besbol a jami'o'in Amurka

Masu horarwa da iyayen 'yan wasa da suka tattauna tasirin gudu ga samun gurbi a ƙungiyar besbol ta jami'a sun yarda cewa gudu yana buɗe wa yaro ƙofa, amma ba shi kaɗai ke zaunar da shi a ƙungiya ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen tantance matasa shi ne tseren yadi 60, kuma wanda ya kammala shi ƙasa da daƙiƙa 7 yakan ja hankalin masu farautar 'yan wasa, musamman idan yana tsaron tsakiyar fili.

Sai dai da yawa sun ja kunne cewa gudu a miƙe ba ya nuna komai da komai. Sun fi ba da muhimmanci ga lokacin da ɗan wasa ke ɗauka daga bugun ƙwallo zuwa tushe na farko (zangon farko da mai bugu ke rugawa bayan ya bugi ƙwallo), tazarar ƙafa 90, inda mai bugu na-hagu yake da ɗan rinjaye domin ya fi kusa da tushen. A gasar MLB kuwa, wato babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, na'urar Statcast tana auna gudu da ƙafa a daƙiƙa: 27 matsakaici ne, 30 kuma na zaƙaƙurai.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce yaro ya gyara takunsa na farko da yadda yake karya kwana a tushe, ya kuma ƙarfafa cinyoyinsa don kauce wa rauni. Mai tsaron bayan mai bugu, wato mai cafe ƙwallon da aka jefo, shi kam ba a matsa masa kan gudu ba. Ƙarfin hannu wajen jifa ake nema gare shi.