Me za mu kira "safety shield" na injin sassaƙa?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Ana neman sunan Hausa na allon nan garai-garai da ake girkewa tsakanin injin da ke juya katako da 'yan kallo idan ana nuna sassaƙa a bainar jama'a. Ana ganinsa a tarukan ƙungiyoyi irin AAW ta masassaƙan Amurka da aka kafa a 1986. Sunaye uku ne a hannu: gilashin kariya, shamaki, garkuwa.

Malamin koyar da sana'a: Wa alaikumus salam. Don Allah a fara cire gilashi, sunan kansa haɗari ne. Wanda ya ji shi gilashin taga zai sayo, ko robar akirilik, kuma dukansu tarwatsewa suke yi su zama tsini-tsini. Abin da ake so polikabonet ne, wata irin roba mai ƙarfi garai-garai, wanda wasu suka sani da Lexan, mai kaurin milimita 6 ko fiye. Shi idan abu ya doke shi lanƙwasawa yake yi ya shanye bugun.

A duba lissafi. Akushi mai faɗin santimita 30, yana juyi 1,000 a minti, bakinsa na gudun kusan kilomita 56 a awa. In akwai ɓoyayyar tsaga, ko ɓawo ya saki, ko mariƙin bai kama da kyau ba, da wannan gudun guntun zai fita. Idan aka ninka juyin, ƙarfin bugun sau huɗu yake ƙaruwa. Shi ya sa ake ƙiyasi da inci: faɗin katako sau yawan juyi kada ya wuce 6,000 zuwa 9,000. Akushin inci 12, wato mai santimita 30 ɗin nan, ke nan ya tsaya tsakanin juyi 500 da 750.

Kafinta: Malam, ni shamaki ya fi kwanta mini. Girke shi ake yi, garkuwa kuwa a hannu ake riƙe ta.

Malamin koyar da sana'a: Da gaskiyarka ta wani fannin, maigida. Sai dai shamaki hana wucewa yake nufi, igiya ma aka ja ta zama shamaki, alhali ba za ta tare ko ɓarɓashi ba. Garkuwa ce aka sani da tare abin da aka harbo. Wadda 'yan sandan kwantar da tarzoma ke riƙewa ma yawanci da polikabonet ɗin ake yin ta, ana gani ta cikinta, ba wanda ya ce mata gilashi.

Mai walda: Na bi bayan garkuwa, amma a san ba allon kaɗai ba ne, har da firam da gindinsa. In gindin ba nauyi, bugu ɗaya zai kifar da shi kan na sahun gaba. A ɗaure firam ɗin a jikin teburin injin, ko a yi masa ƙafafu masu faɗi a danne da buhun yashi. Hujin noti ya ɗan fi notin faɗi, a sa washar roba, kada a matse da yawa, kada kuma a huda dab da baki. Daga nan tsaga take farawa, domin robar allon tana buɗewa da zafi. Wajen gogewa ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai. Fetur da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, suna cin ta, ta yi hazo, ta tsattsage.

Wurin girkawa kuma: guntu ba ya bin tsawon injin, gefe yake fita, daidai saitin da katakon ke juyawa. Nan tsakiyar allon zai kasance, tsayinsa ya rufe fuskar na zaune da na tsaye.

Kafinta: To na sallama. Amma shi mai sassaƙar fa? Abin da yake rufe fuska da shi ai garkuwa ne shi ma, kuma allon nan ba ya kare shi ko kaɗan, tunda ɓangare ɗaya suke da katakon.

Mai fassara: Madalla, sai a raba su da wanda kowacce ke karewa. Ta gaban jama'a garkuwar 'yan kallo, ta mai aiki garkuwar fuska. A farkon ambato zan rubuta "garkuwar 'yan kallo ta polikabonet" don kada a sayo akirilik. Allah ya saka da alheri.